Tafin Hannun Inna a Bangon Zaure

Ɗan kawuna yana da waya biyu, ɗaya a kowane hannu, kuma ban taɓa ganin ya saurari ko ɗaya ba. Magana yake turawa, ba ya jiran amsa. Haka yake yi da mutane ma. In zai shigo gida turarensa ne ke fara sallama, sannan takalminsa mai tsini, sannan shi. Sana'arsa saro tayil da kan famfo da ƙwan lantarki, amma kada ka kuskura ka kira shi ɗan kasuwa. Wai kakanninmu ne 'yan kasuwa, masu bin jaki. Shi operatar ekonomik ne, haka yake faɗa da bakin nan nasa da ya gudu daga lakwal, makarantar boko, kafin ya iya haɗa jimla ɗaya ta Faransanci.

Ubansa wan mahaifiyata ne, saboda haka ni da shi taubasai ne. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san abin da wannan yake nufi. Ya zage ni in zage shi, a yi dariya, ba mai fushi, ba mai kai ƙara. Shi ɗan namiji, ni 'yar mace, da haka muke kiran juna tun muna wasan ƙasa. Na ci moriyar abin nan sosai, don babu abin da ban faɗa masa ba game da girman kansa da ƙanƙantar abin da ke ciki. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan buƙaci ya ɗauki maganata da gaske ba.

Gidan kakanmu yana cikin Birni. Kakan magini ne, kuma shi ya yi wa zauren gidansa ado da hannunsa, irin zanen nan mai tudu da kwari da ake fitarwa daga jikin yaɓe tun yana ɗanye. Masu wucewa na sama suke kallo. Inna, mahaifiyata, nata yana ƙasa, a lungun ƙofa ta ciki inda ruwan sama ba ya duka. Ranar da ake yaɓen tana 'yar mitsitsiya, ta zo ta danna tafin hannunta a cikin laka. Maimakon ya shafe, sai uban ya sa babban yatsansa ya kewaye hannun da zobe, ya ja masa reshe ya haɗa shi da sauran zanen, kamar da ma can da shi aka tsara. Yatsunta biyar suna nan, sawun yatsansa yana nan kewaye da su.

Bayan rasuwar babanmu Inna ta koma gidan, ni ma na bi ta. A nan idonta ya tafi, a hankali, har ya tafi duka. Kullum da safe in za ta fita gaida maƙwabta sai ta tsaya a lungun nan, ta ɗan sunkuya, ta sa yatsu a gurbin, sannan ta wuce. Sauran abubuwa kuma ni ce idonta. In an kawo atamfar biki sai ta ce, "'Yar nan, duba mini, wace kala ce?" In baƙo ya tafi sai ta tambaye ni ko ya rame. Abin da na ce shi ne, ba ta neman shaida ta biyu.

To, Kawu ya rasu, gaban gidan ya faɗa rabon ɗansa. Ba a yi nisa da sadakar arba'in ba ya fara zagaya zauren da mai awo. Shaguna yake so, na siminti, masu ƙofar ƙarfe. Babu wanda zai hana shi, rabonsa ne. Amma yana tsoron bakin unguwa, kada a ce ya rushe aikin kakansa gwaggonsa tana kuka. Irinsu ba sa tsoron yin abu, a faɗa ne suke tsoro.

Sai ya zo da dabara. A wata tafiyarsa Kano ya ga masu wani inji da ke sassaƙa duk abin da aka ba shi daga ordinata, wato kwamfuta. A ba su siffar bango, su sassaƙa mazubi, a zuba siminti, bango ya fito sak. Ya durƙusa gaban Inna, abin da bai saba ba, har da cire tabarau.

"Gwaggo, ba rushewa za a yi ba, sabuntawa ce. Za a ɗauki bangon a sa a ordinata, a fito miki da shi da siminti. Ko jikokin jikoki sai sun gan shi."

Inna ta ce, "Har da lungun?"

"Har da komai, Gwaggo. Wala, shi ke nan!"

Bai ma san lungun da take nufi ba. Na rantse bai sani ba. Ya shekara nawa yana wucewa ta ƙofar nan, idonsa a waya.

Inna ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Ke ce malamar abin. Zai yiwu?"

Ni ilimin ordinata nake koyarwa a wani lise, makarantar sakandare, kuma irin wannan aiki na daɗe ina wasa da shi, na yi da turmi, na yi da tulu. Na ce mata zai yiwu in an bi a hankali. Kuma gaskiya na faɗa.

Aikin ba tsafi ba ne, haƙuri ne. Za ka ɗauki bangon hoto ta kowane gefe, kana matsawa kaɗan kaɗan, ɗaruruwan hotuna, da hantsi kafin inuwa ta juya. Manhaja ce ke haɗa su ta fitar da siffa mai jiki, wadda za ka juya ta a allo ka ga gabanta da gefenta da zurfinta. Siffar nan raga ce ta ƙananan faci masu kusurwa uku, manne da juna. Yawan facin shi ne rayuwar abin. In suna da yawa, ko tsagar farce za ta fito. In aka rage su, ƙananan abubuwa ne ke fara tafiya.

Tsohuwar ordinatata ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba, wayata kuma kyamararta kamar an shafa mata man gyaɗa. Ɗan kawun nawa shi ya sayo sabuwar ordinata, shi ya ba da wayarsa ta hannun dama. Daga nan aikin ya zama nasa. Ni ina tsugune a lungu ina ɗaukar hoto, gwiwoyina suna kuka, shi yana tsaye bakin titi yana faɗa wa masu wucewa cewa yana dijitalize gidan kakansa.

Siffar ta fito. Na matso da lungun a allo, ga yatsu biyar, ga zobe, har da wata 'yar tsakuwa da ta maƙale a gindin ƙaramin yatsa. Na kai wa Inna ordinatar, na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Gilashi kawai nake ji."

"Yana ciki, Inna. Ina ganinsa. Har tsakuwar."

Ta yi murmushi jin na ambaci tsakuwar, don ita kaɗai ta san da ita. Ta ce, "To na yarda da idonki. Ku gaya masa ya yi."

A ranar na fito da kile, ɗan abin nan da ake kwafar fishiye, wato fayil, a ciki, zan ajiye kwafin siffar na biyu. Kafin in soka ya fizge shi.

"Tsaya nan, 'yar mace! Wayo za ki yi mini? Ki kwafa, gobe in ga zanen gidanmu a bangon kowane otel daga nan har Yamai?"

Na ce, "Kai, abu ɗaya tal ba a barinsa wuri ɗaya. In ordinatar ta faɗi fa? In aka sace?"

"Ai ɓarauniyar ce nake kallo."

Yaran shagonsa da abokansa suka kwashe da dariya. Na ɗaga murya, na ce wallahi ba wasa nake ba. Suka ƙara dariya, don ai taubashiya in ta ce ba wasa take ba, nan wasan ya yi daɗi. Mutumin da zai kwafi samfurin tayil na maƙwabcinsa ba kunya, shi ne yake tsoron a kwafi nasa. Ya rufe ordinatar, ya sa ta a hammata, ya tafi da ita shago. Daga ranar sai a gabansa nake taɓa ta, yana zaune a kaina yana karkaɗa ƙafa.

Masu injin suka aiko cewa irin fishiyen da muke da shi ba shi injinsu ke ci ba. Namu wutsiyar sunansa obj, su stl suke so. Wannan ƙaramin aiki ne. Akwai wata manhaja da ba ta da maɓallai masu launi, ba ta da hotuna. Baƙar taga ce kawai za ka buɗe ka rubuta umarni a layi ɗaya: sunan manhajar, sunan fishiyen da za ta ɗauka, sunan sabon da za ta haifar, in kana so kuma ka ƙara lamba da ke cewa kashi nawa na facin za a bari. Ka danna, ta yi. Ina son baƙar tagar nan, ba ta da surutu. Sauran manhajoji in za ka ɓata abu sai sun tambaye ka ko ka tabbata. Wannan ba ta tambaya, ta ɗauka duk wanda ya zo wurinta mai hankali ne.

Na juya masa fishiyen zuwa irin da ake so, cikakke, ban rage ko faci ɗaya ba. Sai ya ce yana son wanda zai riƙa nuna wa mutane a waya. Na yi masa ƙarami, na rage facin sosai, na ba shi wani suna daban. Ya kalli ƙaramin, ya kalli babban, sai ga shi yana washe baki.

"Ai wannan ya fi kyau! Kin ga yadda ya yi sumul? Wancan duk ƙuraje ne, kamar bangon ƙauye."

"Ƙurajen su ne hannun kakanka."

"Kakana da ya samu siminti da bai taɓa laka ba."

Na lura yana ɗaukar allon hoto da wayarsa ta hagu, yana ɗaukar layin da na rubuta. Na ce masa, "Ɗan namiji, ka ji ni da kyau. Kada ka taɓa tagar nan ba na nan. In ka ba sabon fishiye sunan tsohon, za ta rubuta a kansa, tsohon ya tafi har abada. Babu kwandon shara da za ka je ka tono shi."

"Ji ta! Wai ita kaɗai ta iya. Rubutun layi ɗaya ne za ki mayar mana karatun allo?"

Na bar shi na je wurin matarsa, na ce ta yi masa magana. Ta ce, "Ku dai ba kwa gajiya da wasan nan naku." Na je wurin wani dattijo abokin Kawu, ya saurare ni har ƙarshe yana murmushi, ya ce Allah ya bar zumunci. Duk Birni babu kunne ɗaya da zai ji maganata a kansa a matsayin magana.

Aka rushe zauren ranar wata Asabar. Inna ta shige ƙuryar ɗaki ta kunna rediyo da ƙarfi. Kafin azahar aikin da ya fi ni da shi shekaru ya zama tarin ƙasa, masu amalanke suna ta ɗiba. Na nemi a yanko mini lungun, magina suka gwada, ya ruguje a hannunsu. Ban damu sosai ba a lokacin, ina da shi a ordinata.

Babban fishiyen ya fi ƙarfin rezon intanet na garinmu, ba zai bi ta waya ba ko da za a kwana ana jira. Na ce a sa a kile a ba direban mota ya kai Kano. Ya ce direba zai sace zanen. Direba! Mutumin da ke fama da tayoyi da 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka, shi ne zai zauna ya buɗe siffa mai faci. Muna cikin wannan ja-in-ja aka tura ni tsaron jarrabawa a garin Dogo. Na ce ya jira ni, in na dawo ni da kaina zan kai. Ya ce to, yana danna waya.

Da na dawo ya ce an riga an tura, an gama. Na ce wanne ka tura, ta yaya? Ya ce wanda ya dace, ta yadda ya dace, in je in dafa masa tuwo. Na ce ya ba ni ordinatar in duba. Yau ya manta makulli, gobe ya yi tafiya, jibi ba kuran, wutar lantarki ke nan. Na ce a raina ko me ya tura, babban yana nan, in ba a yi daidai ba a sake.

Ranar da aka kafa bangon ina lise. Na dawo bayan la'asar na tarar da rumfa da kujeru a ƙofar gida, an tara mutane, ana raba lemo. Ga shagunan a jere, a tsakiya ga sabuwar ƙofar shiga gida, an kewaye ta da bangon siminti an shafa farin fenti. Daga nesa zanen kakanmu ne. Da na matso sai na ga kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi, komai ya zagaye, komai ya lafe. Na wuce kai tsaye zuwa lungun. Babu yatsu, babu zobe, sai wani ɗan lotsawa da ba za ka ce ga abin da yake ba.

Ordinatar tana kan tebur a rumfar, ya ajiye ta siffar tana juyawa don baƙi su gani. Ban nemi izini ba. Na buɗe baƙar taga, na danna kibiyar sama, wadda ke dawo da umarnin da aka rubuta a baya. Ga su nan. Ya kwaikwayi layina daga hoton da ya ɗauka, harafi da harafi. Ya rage facin babban fishiyen, bai bi ta waya ba, ya sake ragewa, ya sake, har ya bi. Kuma kowane layi sunan shiga shi ne sunan fita. Na nemi na asalin, mai wutsiyar obj, babu shi.

Na ce, "Ina sauran?"

Ya zo yana gyara babbar riga. "Na share tarkacen. Abu ɗaya suna uku, don me? Yanzu ga shi tsaf, guda ɗaya. Kin ga ban buƙace ki ba."

"Hotunan fa? Na wayarka?"

"Wuri ya cika, na sa bidiyon bikin abokina."

Ban san lokacin da na fara ba. Na kira shi jaki, na kira shi ɓarnatacce, na ce Allah ya isa tsakaninsa da kakansa. Hawaye yana zuba. Rumfar kuwa ta ɗauki shewa. Wani yana cewa 'yar mace ta ci wannan zagaye, wani yana cewa ɗan namiji ka rama mana. Shi kuma yana dariya har da riƙe ciki, yana nuna ni da wayar dama. A gaban idonsu nake kuka, suna cewa na iya wasa. Ban taɓa raina taron mutane kamar yadda na raina na ranar ba, kuma shi ban taɓa ganinsa ƙarami kamar yadda na gan shi cikin babbar rigar nan ba.

Sai dariyar ta lafa. Matan gida ne suka fito da Inna, ta sa sabon mayafi, ta shafa turare. Ya ruga ya kama hannunta.

"Gwaggo, ga bangonki! Taɓa ki ji. Kamar tangaran."

Ta zare hannunta daga nasa. Ba ta buƙatar jagora a wurin nan. Ta lalubi bakin ƙofa, ta juya ciki, ta sunkuya daidai yadda take sunkuyawa kullum, ta miƙa yatsu. Suka zame. Ta ɗan hau sama, ta sauko ƙasa, ta koma gefe. Ta buɗe tafin gaba ɗaya ta shafa wurin a hankali, kamar mai neman allura a tabarma.

Ba ta juya wurinsa ba. Ni ta kira.

"'Yar nan."

"Na'am, Inna."

"Hannuna ya tsufa, ba na jin komai. Duba mini da idon naki."

Na zo na tsuguna kusa da ita. Na duba, ko da yake na riga na duba.

"Babu, Inna."

"A cikin na'urar fa?"

"Can ma babu."

Ta ce, "To." Ta miƙe da ƙyar, ta goge tafin hannunta a jikin zaninta, ta ce wa matan su mayar da ita ciki. Shi kuwa yana bayanta yana cewa Gwaggo ai fenti ne bai gama bushewa ba, sannan ya juya wurin baƙinsa ya ce a ƙaro lemo.

Na kwashe ordinatar a ranar, bai hana ni ba, ta gama masa amfani. Na gwada duk dabarar tono abin da aka goge da na sani, na tambayi waɗanda suka fi ni. Ya riga ya cika ta da bidiyo da hotunan tayil, sun hau kan komai. Na yi wa Inna bayani dalla-dalla, yadda abin yake ciki da gaske, yadda aka rage shi, wanda ya rage shi. Ta saurara ba ta katse ni ba, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ba ta zarge ni ba, ba ta zarge shi ba. Har yau in ya shigo da turarensa tana amsa gaisuwarsa, yana kuma ce mini 'yar mace ta huce ko da saura. Shagunan duk an kama haya. Yana gaya wa mutane cewa shi ya ceto zanen kakansa, kuma akwai masu yarda.

Inna ta daina bi ta ƙofar gaba, ta ƙaramar ƙofar baya take fita gaida maƙwabta. Da bikin 'yar ƙanwarta ya zo aka kawo atamfa gidan, ina zaune a gefenta ina tsince shinkafa. Ta karɓa, ta shafa, ta murza bakin a tsakanin yatsu. Na ajiye faranti ina jira ta miƙo mini. Sai ta ɗaga murya ta kira maƙwabciyarmu ta kan katanga, ta ce ta zo ta duba mata kala.